Haƙƙin Gumi Ko Sadaka? Nazarin Sharuɗɗa da Hanyoyin Neman Kuɗin Rashin Aiki a Jihohin Amurka

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin inshorar rashin aikin yi a Amurka, wato kuɗin da gwamnatin jiha ke biyan ma'aikaci mako-mako bayan aiki ya kuɓuce masa. Ta bi sawun sharuɗɗan cancanta: albashin da mutum ya samu a baya, dalilin rabuwarsa da aiki, da abin da ake buƙata daga gare shi a kowane mako. Ta dogara ga dokokin tarayya da na jihohi, da hukunce-hukuncen kotu, da alƙaluman hukumomin ƙwadago. Matsayin takardar shi ne, kuɗin nan haƙƙi ne da gumin ma'aikaci ya saya masa, amma hanyar nemansa ta fi rubutacciyar doka ƙarfi wajen tantance wanda zai samu. An duba yadda hakan ke shafar Hausawa mazauna Amurka, da abin da Nijeriya za ta iya ɗauka daga ciki.

1.0 Gabatarwa



Kowace Alhamis da safe Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka kan fitar da adadin waɗanda suka shigar da sabuwar buƙatar kuɗin rashin aiki a makon da ya wuce. Idan kasuwa na tafiya lami lafiya, adadin kan tsaya tsakanin 200,000 da 250,000, kuma 'yan kasuwar hannun jari na zuba masa ido kamar yadda manomi ke duban gabas a farkon damina. Akwai kuma wani adadi da ba a cika faɗa ba. Cikin kowane mutum goma da ke neman aiki ba su samu ba a ƙasar, waɗanda kuɗin ke shiga hannunsu ba su cika wuce uku ba. Wasu daga cikin sauran ɗalibai ne da ba su taɓa aiki ba, wasu sun cinye makonninsu. Amma da yawa sun cancanta, ba su dai nema ba, ko sun nema sun gaji a hanya. Binciken Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago na 2018 ya nuna kusan uku cikin huɗu na marasa aikin da suka yi aiki a shekarar da ta gabata ba su ma shigar da buƙata ba, kuma mafi yawansu sun ce zatonsu ba su cancanta ba.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da dokar Amurka? Ruwansa biyu ne. Akwai 'yan'uwanmu daga Nijeriya da Nijar da zangunan Gana a unguwar Bronx ta Niyok, da Greensboro a Karolaina ta Arewa, da wasu garuruwa, waɗanda tukunyar gidaje da dama a Kano da Maraɗi da Nima ke tafasa da abin da suke aikowa. Ran da aiki ya tsaya a can, a nan ake jin yunwa. Na biyu kuwa, mu a gida Nijeriya ba mu da irin wannan tsari ko kaɗan, kuma wanda zai gina rumbu ya kamata ya duba inda na maƙwabci ke yoyo.

2.0 Asalin tsarin da wanda ke biya

Ingila ce ta fara inshorar rashin aiki ta tilas a 1911. A Amurka jihar Wiskonsin ta riga kowa, a 1932, lokacin da karyewar tattalin arziki ta 1929 ke kan ganiyarta. Zuwa 1933 kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar na zaune ba aiki. Ranar 14 ga Agusta 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a Dokar Tsaron Zamantakewa, kuma cikinta ne aka dasa tsarin da ake bi har yau.

Dabarar da aka yi abar lura ce. Gwamnatin tarayya ba ta umarci jihohi su kafa komai ba. Haraji ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata, sannan ta ce duk jihar da ta kafa nata asusun bisa ƙa'idojin tarayya, za a yafe wa kamfanoninta mafi yawan harajin. Ba jihar da ta so kuɗinta ya tafi Washintan a banza, don haka cikin shekara biyu duk suka bi sahu, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da halascin dokar a 1937. A yau harajin tarayya kashi 6 cikin ɗari ne a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci, ana yafe kashi 5.4, abin da ya rage dala 42 ke nan a shekara, wanda ake tafiyar da ofisoshi da shi. Kuɗin da ake biyan marasa aiki kuwa daga harajin jiha yake fitowa. Sakamakon haka babu tsari guda a Amurka. Akwai 53, na jihohi hamsin da na babban birni da Fato Riko da Tsibiran Bajin, kowanne da dokarsa.

Abu biyu nake so mu riƙe daga nan. Na farko, kamfani ne ke zuba kuɗin, in ban da Alaska da Niyu Jazi da Fensilbaniya inda ake ɗan yankar ma'aikaci shi ma. Masana tattalin arziki da dama na ganin a ƙarshe ma'aikacin ne ke ɗaukar nauyin, domin da ba a biya harajin ba da wani ɓangarensa ya shiga albashi. Ke nan abin ya fi kama da adashin da aka riƙa zuba wa mutum ba da saninsa ba, yau kwasarsa ta zo. Na biyu, harajin kowane kamfani na hawa ne gwargwadon yawan tsofaffin ma'aikatansa da suka karɓi kuɗin. An yi haka don a hana kora barkatai. Amma a nan gizo ke saƙar: wanda ya sallame ka yana da riba idan aka hana ka, kuma doka ta ba shi damar ƙalubalantar buƙatarka. Akwai ma kamfanonin da sana'arsu ke nan, yi wa masu ɗaukar ma'aikata wannan jayayya.

Dokar 1935 ta bar ma'aikatan gona da masu aikatau a waje, wato sana'o'in da mafi yawan baƙaƙen fatar kudu ke yi a lokacin. Sai a gyaran 1976 aka shigar da wani ɓangarensu.

3.0 Ƙofar farko: albashin baya

Hukuma ba ta fara tambayar ko kana cikin matsi. Tambayarta ita ce nawa aka biya ka, kuma yaushe. An kasa shekara gida huɗu, wata uku-uku. A yawancin jihohi ana duba rubu'i biyar na ƙarshe da suka cika kafin ranar nema, a jefar da na baya-bayan nan, a yi lissafi da huɗun farko. Wannan zangon shi zan kira shekarar awo.

Mu ƙaddara an sallami mutum a tsakiyar Mayun 2024. Rubu'in da yake ciki, Afrilu zuwa Yuni, bai cika ba, ba ya shiga. Na Janairu zuwa Maris shi ne na baya-bayan nan, an jefar da shi. Shekarar awonsa ita ce Janairu zuwa Disamban 2023. Wata huɗu da rabi na aikin da ya yi dab da sallama kamar bai yi su ba. Idan a Nuwamban 2023 ya kama aiki, albashin wata biyu kacal za a gani, cikin rubu'i guda, alhali jihohi da yawa na buƙatar albashi a rubu'i biyu aƙalla. Wannan ƙa'ida ragowar zamanin takarda ce, lokacin da rahoton albashi kan ɗauki watanni kafin ya isa ofis. Yawancin jihohi yanzu sun yarda a koma ga rubu'i huɗu na ƙarshe idan lissafin farko bai kai ba, sai dai a wasu wuraren sai mai nema ya san da haka ya roƙa da bakinsa.

Adadin da ake buƙata ba shi da yawa ga mai cikakken aiki. A Kalifoniya dala 1,300 a rubu'in da ya fi tsoka ta wadatar, ko dala 900 idan jimillar shekarar awo ta kai ninki ɗaya da kwata na hakan. Waɗanda wannan ƙofa ke tsarewa su ne masu aikin 'yan sa'o'i, da masu aikin kaka, da sababbin zuwa, da kuma wanda ake biya hannu da hannu ba a rubuta ba. Shi wannan na ƙarshe, a idon kwamfutar hukuma, bai taɓa aiki ba.

Akwai kuma matsalar suna. Kamfani na iya kiran mutum ɗan kwangila mai zaman kansa, ya huta da biyan haraji a kansa. Direbobin tasi na manhaja da masu kai saƙon abinci, inda 'yan'uwanmu suka yi yawa, a nan suke. Abin da ya kamata su sani shi ne sunan da kamfani ya ba su ba shi ne hukunci ba. Abin da ake dubawa shi ne wa ke juya akalar aikin. A Maris 2020 babbar kotun jihar Niyok ta yanke cewa wani mai kai saƙo na kamfanin Postmates ma'aikaci ne ta fuskar inshorar rashin aiki, saboda kamfanin ne ke yanke farashi, ke rarraba aiki, ke bin sawunsa. A Kalifoniya kuwa, a Nuwamban shekarar, masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ya bar direbobin manhaja a matsayin 'yan kwangila. Aiki iri ɗaya, hukunci biyu.

4.0 Ƙofa ta biyu: me ya raba ka da aikin?

Ƙa'idar a taƙaice ita ce mutum ya rasa aiki ba da laifinsa ba. Wanda aka rage saboda kasuwa ta faɗi ko an rufe masana'anta ba shi da matsala. Rigimar tana kan wanda aka kora da wanda ya ajiye aiki da kansa, kuma a nan ne rashin sani ya fi cin mutane.

Mutane da yawa na ɗauka wanda aka kora ya rasa komai. Ba haka doka ta ce ba. Tun 1941, a shari'ar wani kamfanin tasi mai suna Boynton, Kotun Ƙolin Wiskonsin ta bambanta tsakanin ganganci da gazawa, kuma jihohi da dama sun ɗauki wannan ma'auni. Abin da ke hana mutum kuɗi shi ne ya yi watsi da maslahar ubangidansa da gangan: sata, faɗa, fashin aiki ba uzuri bayan gargaɗi, take dokar da ya sani. Wanda kuwa aka kora don hannunsa ba shi da sauri, ko aikin ya fi ƙarfinsa, ko ya yi kuskure da kyakkyawar niyya, bai yi ganganci ba. Ƙari a kan haka, a yawancin jihohi nauyin kawo hujja na kan kamfani ne. Shi ya yi kora, shi zai tabbatar da laifi.

Idan mutum ne ya ajiye aiki, nauyin ya juyo kansa. Dole ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, irin wanda zai sa mai hankali da ke son aikinsa ya tafi: an daina biyan albashi, an zaftare shi sosai, wurin na da haɗari ga lafiya, ana cin zarafinsa. Kusan kullum sai an tambaye shi ko ya kai kuka ga shugabanni kafin ya fita. A nan tarbiyyarmu na iya cutar da mu. An hore mu da kawaici da haƙuri da kunyar babba. Bahaushe kan shanye wulaƙanci wata da watanni bai ce uffan ba, ran da tura ta kai bango ya ɗauki hularsa ya tafi. A gaban alƙalin ƙwadago wannan haƙurin ba ya zama hujja, domin babu takarda ko saƙon waya da ke nuna ya taɓa kokawa. Haka nan wanda manaja ya ce masa ya rubuta takardar murabus don a rufa masa asiri, ya yi tunani kafin ya sa hannu. Jihohi da yawa na ɗaukar murabus na dole a matsayin kora, amma sai an tabbatar da dolen.

Bari in ɗan tsaya a kan addini, don ya shafe mu kai tsaye. Wata ma'aikaciyar masaƙa a Karolaina ta Kudu, Adell Sherbert, mabiyar ɗariƙar Kiristocin da ke tsarkake Asabar, an kore ta don ta ƙi aiki a ranar, jiha kuma ta hana ta kuɗi da cewa ta ƙi aikin da ya dace da ita. A 1963 Kotun Ƙolin Amurka ta ce jiha ba ta da ikon tilasta wa mutum zaɓi tsakanin ibadarsa da haƙƙinsa. Kotun ta maimaita matsayin a 1981, kan wani Mashaidin Jehobah a Indiyana da ya bar aiki don an mayar da shi sashen ƙera kayan tankokin yaƙi, sannan a 1987 da 1989. A 1990 ta taƙaita shi, a shari'ar Smith, inda ta ce addini ba ya kare wanda ya karya dokar laifi da ta shafi kowa. Amma tushen Sherbert game da ranar ibada yana nan. Musulmi sun ci moriyarsa: a Disamban 2015 kamfanin nama na Cargill a Fort Morgan, jihar Kolorado, ya kori ma'aikata kusan 150, yawancinsu 'yan Somaliya, bayan saɓani kan lokacin salla. Kamfanin ya musanta cewa ya hana salla, amma a 2016 hukumar ƙwadagon jihar ta ce ma'aikatan sun cancanci kuɗin rashin aiki. Wanda aka kora don Juma'a ko don lulluɓi yana da ƙafar tsayawa, in ya san tana nan.

5.0 Neman kuɗin da riƙe shi

Ana nema a jihar da aka yi aikin, ko da mutum ya ƙaura, ta intanet ko ta waya. Lissafi na farawa ne daga makon da aka shigar da buƙata, don haka wanda ya zauna wata guda yana jiran ko za a sake kiransa ya yi asarar wata guda. Za a nemi lambar tsaron zamantakewa, da sunaye da adireshin duk inda ya yi aiki cikin wata goma sha takwas, da ranakun kamawa da bari, da takardar izinin aiki ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Yawancin jihohi ba sa biyan makon farko, makon jira ke nan. Idan komai ya tafi daidai, kuɗin farko kan shigo cikin mako biyu zuwa uku.

Daga nan sai rantsuwar mako-mako. Kowane mako, ko kowane mako biyu, mutum zai tabbatar cewa yana da lafiyar yin aiki, yana nan a shirye, yana nema, bai ƙi aikin da ya dace ba, kuma ga abin da ya samu in ya yi ɗan buga-buga. Niyok na buƙatar yunƙurin neman aiki uku a mako, Fulorida na buƙatar tuntuɓar wurare biyar, kuma a ajiye shaida. Kuɗin da aka samu ana faɗarsa ne a makon da aka yi aikin, ko da ba a biya ba tukuna. Wannan ƙaramin bambanci ya jefa mutanen kirki da yawa cikin tuhumar zamba, wadda ke jawo mayar da kuɗi da tarar aƙalla kashi 15 cikin ɗari, wani lokaci har da gurfana a kotu.

Ga wani tarko da ya fi kama baƙo. Wanda ya bar ƙasar ba a ɗaukarsa a shirye yake ya yi aiki. Mahaifi ya rasu a Damagaram, ko an samu kujerar Umra, mutum ya tafi, ya bar wa ƙaninsa lambar sirri ya riƙa danna masa rantsuwa. A wurinmu zumunci ne. A dokar Niyok da sauran jihohi zamba ce, kuma kwamfuta na gane inda aka shiga daga ƙetare. Abin da ya dace shi ne a dakatar da nema a makonnin tafiya, a ci gaba bayan dawowa. Kuma kuɗin kansa ana biya masa cikakken harajin tarayya tun 1987. Mai hikima kan nemi a riƙa cire kashi 10 tun daga tushe.

Idan an hana mutum, ba a nan take ƙarewa ba. Yana da damar ɗaukaka ƙara, amma wa'adin gajere ne: kwana 14 a Teksas, 20 a Fulorida, 30 a Niyok da Kalifoniya. Zaman sauraro yawanci ta waya ake yi, ba a biyan ko sisi, ba dole sai da lauya ba, ana kuma iya neman tafinta. Wajibi ne a ci gaba da rantsuwar mako-mako yayin jira, in ba haka ba ko an yi nasara ba za a biya makonnin da aka tsallake ba. Idan kuma kamfani ne ya ɗaukaka ƙara bayan an amince wa ma'aikaci, hukuncin Kotun Ƙoli na 1971 a shari'ar Java ya hana jiha tsayar da biya kafin a saurari ƙarar.

6.0 Nawa, kuma har yaushe?

Manufar ita ce a mayar wa mutum kusan rabin albashinsa, amma kowace jiha ta sa rufi. Mu ɗauki ma'aikata biyu, kowanne na samun dala 10,400 a rubu'i. Jihohi da dama kan raba wannan gida 26, ya ba da dala 400 a mako. Na Kalifoniya zai karɓi 400 ɗin har mako 26, jimilla dala 10,400. Na Fulorida rufinsa dala 275 ne, adadin da bai motsa ba tun 1998, kuma mako 12 kawai, jimilla dala 3,300. A Misisifi rufin 235 ne, a Masacusets ya haura dubu. Karolaina ta Arewa, inda 'yan Nijar suka yi yawa, ta zaftare nata daga 535 zuwa 350 a 2013, ta kuma rage makonni. Ina ganin wannan ba adalci ba ne. Gumin ma'aikaci ɗaya ne a ko'ina, kuma kuɗin haya ba ya jiran mako na goma sha uku. Masu goyon bayan ragewa na cewa dogon biya na sa mutum ya miƙe ƙafa, kuma gaskiya ne bincike ya nuna yana ɗan tsawaita zaman neman aiki. Sai dai wanda aka ingiza zuwa aikin farko da ya gani, ko da bai dace da ƙwarewarsa ba, asara ce gare shi da ƙasar baki ɗaya.

7.0 Abin da annoba da na'ura suka tona

A makon ƙarshe na Maris 2020 sababbin masu nema sun haura miliyan shida, alhali mafi yawan da aka taɓa gani kafin annobar korona 695,000 ne, a Oktoban 1982. Layukan waya suka toshe, shafuka suka durƙushe, har gwamnan Niyu Jazi ya fito yana cigiyar masu sanin COBOL, tsohon yaren kwamfuta na tun 1959 da injinan jiharsa ke amfani da shi. Majalisar Amurka ta ƙara dala 600 a mako, ta kuma shigar da 'yan kwangila da direbobin manhaja a karon farko. Dalilin da ya sa aka ba kowa adadi ɗaya shi ne injinan jihohi ba za su iya lissafa na kowa daban ba. Tallafin ya tsare miliyoyi daga talauci kafin ya ƙare a Satumban 2021.

Ɓarayi ma sun sha romo. Ofishin binciken kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta zambar tsakanin dala biliyan 100 da 135. Dole mu faɗi abin da ba daɗi: akwai hannun 'yan Nijeriya a ciki, har an ɗaure tsohon hadimin wani gwamnan Nijeriya shekara biyar a 2022 kan satar kuɗin jihar Washintan. Abin da ya biyo baya shi ne tsauraran matakan tantance mutum, waɗanda suka fi takura wa mai gaskiyar da ba shi da wayar zamani ko Turancinsa bai nuna ba. Tun kafin haka Mishigan ta nuna haɗarin miƙa hukunci ga na'ura. Tsakanin 2013 da 2015 wata manhaja ta tuhumi mutum kusan 40,000 da zamba, aka ƙwace albashi da rarar haraji, wasu suka rasa gidaje. Da jihar ta sake duba fiye da 20,000 daga cikin hukunce-hukuncen, kashi 93 cikin ɗari kuskure ne.

8.0 Baƙo a can, ma'aikaci a nan

Wanda ba ɗan ƙasa ba na iya karɓa idan yana da izinin aiki lokacin da ya yi aikin da kuma lokacin da yake nema. Wanda ba shi da takardu ba ya samu, ko da an biya haraji a kansa. Tsoron da ya fi yawa shi ne kada karɓar ta ɓata wa mutum neman katin zama na dindindin. A 2020 hukumar shige da fice ta bayyana cewa ba ta lissafa wannan kuɗi cikin tallafin masu dogaro da gwamnati, domin haƙƙi ne da aka yi wa aiki. Duk da haka dokokin baƙi na sauyawa, kuma mai shari'a a gaba ya tuntuɓi lauya. Wasu kuma shakkarsu ta addini ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ta zauna a Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci ta kuma halatta ta taimakekeniya, kuma malamai da dama na sa irin wannan asusu na gwamnati a rukuni na biyu. Sauran kuwa kunya ce tsagwaronta, kada a ce wane ya koma cin sadakar Nasara. Ba sadaka ba ce. Wanda ya bar ta ya bar guminsa ne, ya kuma ɗora nauyinsa a kan 'yan'uwa a masallaci, waɗanda su ma da ƙyar suke.

A gida fa? Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu aiki ba, wato ya ci guzurin tsufansa tun da rana tsaka. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 rauni da cutar wurin aiki ta shafa. Dokar Ƙwadago ta bar kuɗin rage ma'aikata ga tattaunawa. Duk wanda ya san unguwar masaƙu ta Kakuri bayan rufe masaƙar KTL a 2002 da UNTL a 2007 ya san abin da wannan giɓi ya haifar: magidanta sun koma acaba, wasu sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Za a ce fiye da kashi 90 na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin rajista, kuma haka ne. Amma Afirka ta Kudu na tafiyar da nata asusun da kashi ɗaya daga ma'aikaci, ɗaya daga kamfani, mu ma muna da rajistar 'yan fansho da za a iya farawa da ita. In za mu fara, kada mu kwafi kasa tsarin jiha-jiha, kada kuma mu ba wanda ya yi kora riba a kan hana wanda ya kora.

Kirana ga shugabannin zango da limamai da ƙungiyoyin Hausawa a Amurka shi ne su fassara waɗannan ƙa'idoji zuwa Hausa, a rubuce da kuma a murya, kowace jiha da nata, su kuma ware mutum biyu ko uku da za su zauna da wanda aka sallama tun a makon farko su cike buƙatar tare da shi. Ga ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan majalisarmu kuwa, lokaci ya yi da za a kawo ƙudurin inshorar rashin aiki gaban Majalisar Tarayya a Abuja.